Sufurin Jiragen Sama: Tsadar Mai, Nishaɗin Fasinja da Dokokin Gwamnati

Ƙorafin matafiya a filayen jirgin sama na ƙasar nan bai cika wuce abu uku ba. Na farko tsadar tikiti, na biyu jinkiri ko soke tashi, na uku kuwa irin hidimar da ake yi wa fasinja bayan ya shiga jirgi. Sau da yawa matafiyin yana da gaskiya, kuma doka ta ba shi hanyar neman hakkinsa. Wani lokaci kuwa abin da ya ɗauka wulaƙanci ne, shi ne ya tsare masa ransa. Bambance waɗannan biyun ba ya yiwuwa sai mutum ya san yadda ake tafiyar da kamfanin jirgin sama, da inda kuɗin tikitinsa yake shiga, da kuma wanda ke sa ido a kan kamfanin.

Taƙaitaccen tarihi

Jiragen sama sun fara sauka a Kano cikin 1925, sa'ad da wasu jirage uku na mayaƙan sama na Ingila suka taso daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, daga baya aka miƙa ta har Ikko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, aka kafa kamfani ɗaya na tarayya tsakanin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Da wannan tarayya ta watse a 1958 sai Nijeriya ta kafa nata, wanda aka sani da Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fiffike. Shekaru da yawa shi ne ke jigilar alhazai, shi ne kuma ke haɗa manyan biranen ƙasa. Tun farkon shekarun 1980 'yan kasuwa suka shigo, irin su Kabo Air a Kano da Okada Air a Binin. Kamfanin na gwamnati kuwa bashi da rashin kyakkyawan shugabanci suka ci ƙarfinsa, ya daina tashi a 2003. Yau kusan dukkan sufurin cikin gida yana hannun kamfanoni masu zaman kansu, ko na wata jiha, aikin Gwamnatin Tarayya kuwa shi ne kafa doka da kula da filaye da sararin samaniya.

Man jirgi

Man da manyan jirage ke sha ba fetur ba ne. Wani irin kananzir ne da aka tace ƙwarai, sunansa a kasuwa Jet A1. Dalilin tace shi haka kuwa shi ne, jirgi yakan yi tafiya a ƙafa 35,000 ko fiye, inda sanyin waje yakan wuce digiri 50 ƙasa da sifiri. An shirya wannan mai yadda ba zai fara daskarewa ba sai sanyinsa ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri, kuma matuƙi yana duba ma'aunin tanki a doguwar tafiya don kada ya kusanci wannan iyaka. Yawancin man a cikin fikafikai ake zuba shi. Kafin a ɗura wa jirgi, sai an ɗebi kaɗan an gwada, domin ruwa ko datti ƙalilan yana iya toshe hanyar mai a sama, inda babu gefen hanya da za a tsaya a gyara.

Matuƙi ba ya lissafin mai da lita kamar direban mota, da nauyi yake yi, watau kilo. Lita ɗaya ta wannan mai tana da nauyin kusan kashi huɗu cikin biyar na kilo. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 1983 wani jirgi ƙirar Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi da ƙasa da rabin man da yake bukata, saboda masu lissafi sun rikita laba da kilo. Injinansa biyu suka mutu a sama. Allah ya sa matuƙin gwani ne, ya lallaɓa da jirgin ya sauka a wani tsohon filin soja da ke Gimli, ba a rasa rai ba.

Doka ba ta yarda jirgi ya tashi da man da zai kai shi inda za shi kaɗai ba. Sai an ɗora masa ƙarin kashi biyar cikin ɗari saboda abin da ka iya tasowa a hanya, da man da zai kai shi wani filin dabam idan na farko ya ƙi saukuwa, sa'an nan da wanda zai ishe shi shawagin minti talatin a bisan wannan fili na biyu. Jirgin da ya nufi Maiduguri cikin hunturu, alal misali, dole matuƙinsa ya san tun kafin ya tashi inda zai juya idan hazo ya rufe garin. Amma kuma ba a cika tanki haka kawai, domin mai nauyi ne, ɗaukar nauyi kuwa mai yake ci. Jirgin da ya ɗauki man da ba ya bukata yana ƙona wani kaso na man ne wajen ɗaukar sauran.

Ga lissafin misali. Jirgi matsakaici irin Boeing 737 yana shan kimanin lita 3,000 a awa guda. Tafiya daga Ikko zuwa Kano ta kusa awa ɗaya da rabi, watau lita 4,500 ke nan. A 2021 ana sayar da lita wajen naira 190, kuɗin man tafiyar ya kama naira 855,000. Zuwa watan Mayu na 2022 lita ta kai naira 700, man tafiyar nan guda ya koma naira 3,150,000. Idan jirgin na ɗauke da fasinja 120, rabon kowane mutum a kuɗin mai kaɗai ya tashi daga naira dubu bakwai da 'yan kai zuwa fiye da dubu ashirin da shida. Idan kuwa fasinja 60 ne suka hau, rabon kowa ya ninka, gama jirgi ba ya rage shan mai da rabi don kujerunsa rabi ne a cike. A cikin wannan wata ne ƙungiyar masu kamfanonin jiragen sama ta ƙasa ta ba da sanarwar za ta dakatar da tashi daga ranar 9 ga wata, aka shiga tsakani ta janye.

A duniya baki ɗaya mai yakan cinye kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kusan ɗaya cikin uku na kuɗin tafiyar da kamfani. Kamfanonin Nijeriya sun sha cewa nasu ya kai kashi arba'in cikin ɗari. Abin mamaki ga mai karatu shi ne yadda ƙasa mai arzikin man fetur za ta sha wannan wahala. Dalili shi ne, shekaru da yawa matatun ƙasar ba su samar da man jirgi, daga waje ake shigo da shi da dala, a sauke a Ikko, sa'an nan a ɗora a tankoki a bi hanya da shi zuwa Kano da Sakkwato da Yola. Shi ya sa lita ta fi tsada a filayen arewa. Matatar Dangote da ke Lekki ta fara fitar da man jirgi a farkon 2024, abin da ya rage dogaro da ƙasashen waje, ko da yake farashin yana bin kasuwar duniya ne har yanzu.

Ba wannan ne karo na farko da mai ya girgiza sufurin sama ba. A rikicin mai na 1973 farashin gangar ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, tun daga lokacin kuma masu ƙera jirage suka mai da hankali ga injin da ba ya shan mai da yawa. Sabon jirgi ya fi tsoho tattali nesa ba kusa ba, sai dai sayensa ko hayarsa sai mai ƙarfi.

Naira da dala

Kamfanin cikin gida da naira yake sayar da tikiti, amma da dala yake biyan hayar jirgi, da kayan gyara, da babban kaso na inshora, da horon matuƙa. Kowane jirgi yana da lokutan duba da aka ƙayyade masa. Akwai ƙaramin duba da ake yi cikin dare, akwai babba da ake yi duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, inda za a buɗe sassan jirgin a bi su ɗaya bayan ɗaya, ya yi makonni ba ya aiki. Yawancin irin wannan babban duba a ƙasashen waje ake yinsa. Saboda haka duk ranar da naira ta faɗi, kuɗin kamfani ya ƙaru ko da bai ƙara ko kujera ɗaya ba.

Ƙarancin dala ya taɓa kamfanonin waje su ma. A 2023 kuɗinsu na tikiti da suka kasa fitarwa daga Nijeriya ya haura dala miliyan 800. Kamfanin Emirates ya daina zuwa a 2022, bai dawo ba sai Oktoba 2024, bayan an biya mafi yawan kuɗin. A tsakanin nan wasu kamfanonin sun rufe tikitinsu masu araha, matafiya suka ɗanɗana kuɗarsu.

Jigilar alhazai tana da nata lissafi. Jirgin da ya kai maniyyata Jidda ko Madina a cike yake tafiya, ya komo kusan fanko don ya ɗebi wasu; lokacin dawowa kuma ya tafi fanko ya komo a cike. Ashe kujerar alhaji guda tana ɗauke da kuɗin man tafiya huɗu ne, ba biyu ba. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ke tantance kamfanonin da za su yi wannan aiki kowace shekara.

Majigi a sama

Nishaɗantar da fasinja ya kusa tsufan sufurin kansa. Tun 1925 kamfanin Imperial Airways ya nuna majigi a cikin jirgi da ya tashi daga London. Amma ba a mai da shi al'ada ba sai 1961, sa'ad da kamfanin TWA na Amurka ya fara nuna fim a kai a kai. A wancan zamani allo ɗaya ne a gaba, kowa abin da aka sa shi zai kalla, sauti kuma ta wani siririn bututun roba yake zuwa kunne. A 1988 aka fara sa ƙaramin allo a bayan kujera, yau kuwa fasinjan doguwar tafiya yana zaɓen fim ko waƙa ko karatun Alƙur'ani da kansa, wasu jiragen ma suna nuna masa alƙibla da taswirar inda aka kai. Akwai kuma masu ba da intanet ta tauraron ɗan adam.

Matafiyi daga Abuja zuwa Kano yakan tambaya don me nasa jirgin ba shi da waɗannan abubuwa. Amsar tana komawa ga nauyi. Allo da wayoyinsa da akwatunan da ke ƙarƙashin kujeru nauyi ne da jirgi zai ɗauka kowace rana, ga kuɗin da ake biyan masu fim, ga gyara. A tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba wannan ɗawainiya ba ta biyan kanta, kuma a ƙarshe a tikiti za ta fito. Kamfanoni suna lissafin nauyi har abin ya ba da dariya: a 2018 kamfanin United Airlines ya rage kaurin takardar mujallar da yake ajiyewa a bayan kujera, ya ce hakan kaɗai yana rage masa galan 170,000 na mai a shekara. Wasu kamfanonin yanzu sun cire allo, suna aika fim kai tsaye zuwa wayar fasinja.

Ko na'urar nishaɗi ma ba ta fita daga hannun hukuma ba. A 1998 wuta ta tashi a rufin wani jirgin Swissair, ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada, mutum 229 suka rasu. Masu bincike sun sami alamar tartsatsin lantarki a wata waya ta na'urar nishaɗin da aka ƙara wa jirgin, suka kuma gano cewa abin da aka lulluɓe rufin da shi yana cin wuta. Bayan wannan aka tsananta sharuɗɗa. Duk abin da za a ɗaura wa jirgi, komai ƙanƙantarsa, sai hukuma ta amince. Haka kuma idan ma'aikata za su yi bayanin ɗamara da ƙofofin gaggawa, ana tsayar da kowane fim.

Masu sa ido

Jirgin sama ba ya sanin iyakar ƙasa, don haka dokarsa ta duniya ce. A 1944 ƙasashe suka taru a Chicago suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar da ta haifi Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, mai hedkwata a Montreal. Nijeriya ta shiga bayan samun mulkin kai a 1960. Wannan hukuma ce ke tsara ma'auni, kowace ƙasa kuma ta mai da shi dokarta.

A nan gida an raba aikin. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA a taƙaice, ita ke ba kamfani takardar izinin aiki, ta ba matuƙa da injiniyoyi lasin, ta duba jirage, tana kuma da ikon hana jirgi ko kamfani tashi nan take. An kafa ta a 1999. Filayen jirgin sama na tarayya suna hannun FAAN. Masu magana da matuƙi daga hasumiya suna ba shi hanya ma'aikatan NAMA ne. Hukumar NiMet ke ba da labarin yanayi, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Zariya kuwa, wadda aka kafa a 1964, ita ke horar da ma'aikata. Binciken haɗari yana hannun wata hukuma dabam, da gangan aka ware ta, domin mai ba da lasin bai kamata ya binciki kansa ba. Kashi biyar cikin ɗari na kuɗin kowane tikiti ana karɓarsa ne don tafiyar da wasu daga cikin waɗannan hukumomi.

Matuƙi ba ya samun lasin sau ɗaya ya huta. Likita yana duba shi lokaci lokaci, duk wata shida kuma sai ya shiga na'urar kwaikwayon tuƙi an jarraba shi da mutuwar inji da gobara da hadari. An ƙayyade masa awoyin da zai yi aiki da waɗanda zai huta. Idan jinkirin safe ya cinye masa awoyinsa, doka ta hana shi yin tafiyar dare ko da jirgin lafiya lau yake.

Yawancin waɗannan dokoki da rayuka aka saye su. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin haya da ya ɗebi alhazai zai kai su Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashi daga Jidda, duka mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Bincike ya nuna an san iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa, amma aka sallami jirgin don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi, aka naɗe su cikin jirgi suna ci da wuta. Ya kamata duk mai fushi da jinkirin da aka ce na gyara ne ya tuna da wannan jirgi.

A watan Mayu na 2002 wani jirgi ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano, fiye da mutum ɗari suka halaka, a jirgi da ƙasa. Sai kuma jerin haɗurran 2005 da 2006: na Bellview a Lisa ta Jihar Ogun, mutum 117, na Sosoliso a Fatakwal, mutum 108, galibinsu 'yan makaranta, da na ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda ya tashi cikin hadari, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. A ƙarshen wannan shekara aka zartar da sabuwar dokar sufurin sama da ta ba NCAA cin gashin kai, don kada wani mai muƙami ya tilasta mata ta saki jirgin da ta tsare. A 2007 aka wajabta wa kamfanoni ƙara jari, naira miliyan 500 ga mai aikin cikin gida, biliyan 2 ga mai zuwa ƙasashe masu nisa, waɗanda suka kasa aka dakatar da su. An sabunta dokar a 2022.

Farashin tikiti kuwa gwamnati ba ta yanke shi. Kamfani ke sa kuɗinsa, ya sanar da hukuma, ita kuma ta sa ido kada kamfanoni su haɗa baki. Abin da ya fi saukar da farashi shi ne gasa, kamar yadda aka gani sa'ad da Air Peace ya fara zuwa London daga Ikko a ƙarshen Maris 2024, kamfanonin waje suka sassauta nasu kuɗin. Zuwa wata ƙasa sai da yarjejeniya tsakanin gwamnatocin biyu, wadda ke faɗin yawan jirage da biranen da za su sauka. Ƙasashen Afirka sun amince a Yamusukro a 1999 za su buɗe wa juna sararinsu, aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya a 2018, amma aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, shi ya sa har yanzu zuwa wata ƙasar Afirka kan yi tsada kamar zuwa Turai.

Hakkin fasinja da abin da ke kansa

Dokokin NCAA sun tanadi cewa idan jirgin cikin gida ya yi jinkirin awa biyu, kamfani ya ba fasinja abin sha da ɗan abin taɓawa. Idan ya wuce awa uku, fasinja yana da ikon ya fasa tafiya a mayar masa da kuɗinsa. Idan jinkirin ya wuce ƙarfe goma na dare, a ba shi masauki da motar kai shi. Wanda ya sayi tikiti da kuɗi hannu, nan take za a mayar masa. Wanda ya biya ta banki ko intanet, cikin kwana goma sha huɗu. Hazo ko hadari yana ɗauke wa kamfani biyan diyya, tun da ba laifinsa ba ne, amma ba ya ba shi damar riƙe kuɗin wanda bai yi tafiya ba, ko ya bar mutane zaune ba bayani.

Shi ma fasinja akwai abin da ke wuyansa. Nauyin kaya da aka ƙayyade ba rowa ba ce, yana cikin lissafin da matuƙi ke yi na tashi, musamman a bazara, lokacin da zafi ke sa iska ta yi sauƙi jirgi ya bukaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Fawa banki da sauran batura a jakar hannu ake riƙe su, domin in sun kama wuta a ɗakin kaya babu mai gani. Risho da tukunyar gas da ashana mai yawa ba sa shiga jirgi, wannan kuwa ya shafi maniyyata ƙwarai. Shan taba haramun ne har a bayan gida. Dukan ma'aikaci, ko tare jirgi a kan titi don an fusata, laifi ne da kotu ke hukuntawa, kuma yana iya sa a hana mutum hawa jirgi.

Wanda aka tauye wa hakki ya fara kai kuka ga kamfanin, ya nemi a rubuta. Idan bai gamsu ba, NCAA tana da jami'an kare hakkin fasinja a manyan filayen jirgin sama, tana kuma karɓar ƙara ta intanet. Zai bukaci tikitinsa, da katin shiga jirgi, da ɗan guntun takardar da aka manna masa lokacin da ya ba da kaya. Wanda jakarsa ta ɓata ko ta lalace ya cika takardar rahoto a teburin kamfanin tun bai bar filin ba.